Wa Ya Kira Su Taro? Jagorar Nazarin Bin Sawu da Cincirindon Dodon Koɗin Teku Daga Nan Kaduna

Wata ɗalibata 'yar aji biyu na babbar sakandare ce ta jefa ni cikin wannan aiki. Muna darasin muhallin halittu, na nuna wa ajin hoton wani dutse a bakin teku. Ƙananan dodannin koɗi sun cika tsagarsa maƙil kamar an zuba tsakuwa da hannu, gefe kuwa fili ne fetal, babu ko ɗaya. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wa ya kira su taro?" Na ce, "'Yata, ba wanda ya kira su." Ta ce, "To, ta yaya kowa ya san mahaɗa?"

Tambayar ta fi ƙarfin amsar baki. Kaduna kuma ɗaruruwan kilomita ne tsakaninta da teku, yawancin yaranmu ba su taɓa ganinsa ba. Amma na gano cewa da gilashin taga, da zare, da dodon koɗin da ke yawo a bayan aji lokacin damina, malami zai iya sa yara su ga amsar da idonsu. Amsar kuwa ita ce: babu sarki, babu mai shela. Kowane dodo yana bin wasu 'yan ƙa'idoji masu sauƙi shi kaɗai, taron kuma yana fitowa da kansa. Ga yadda nake yi, malamai 'yan'uwa, da ma duk uba ko uwar da ke son zama da 'ya'yanta a kan wani abu mai ma'ana lokacin hutu.

Kafin a taɓa komai, a fara sanin gidansu

Duk wanda ya san Kogin Kaduna ya san duwatsun da ruwa ke shanyewa a watan Agusta, su sake bayyana idan rani ya yi. Da wannan nake fara wa yara bayani. Abin da koginmu yake yi sau ɗaya a shekara, teku yana yin sa sau biyu a rana a yawancin gaɓoɓin duniya. Jan da wata da rana suke yi wa ruwa ne ke sa ya cika ya hau gaɓa, sannan ya janye. Tsakanin cika da cika akwai kimanin awa 12 da minti 25, shi ya sa kowace rana lokacin yake jinkirtawa da wajen minti 50. Cikar takan fi girma, janyewar ma ta fi nisa, a tsayuwar wata da kuma dararen 14 da 15. Mu da muke lissafi da wata ba sai an sha wahalar koya mana wannan ba.

Zirin ƙasar da ruwa ke rufewa yana buɗewa shi ne gidan waɗannan halittu. A wasu wurare, kamar mashigin Fundy na ƙasar Kanada, bambancin cika da janyewa yakan kai mita 16. A Legas wajen mita 1 ne kawai. Ko zirin ya yi faɗi ko ya yi siriri, wahalar ɗaya ce: dodon koɗin teku dabbar ruwa ce, amma kullum sai ruwa ya tafi ya bar shi a kan dutse, rana na dukan sa. A ƙasashe masu zafi dutsen yakan wuce digiri 50. Akwai wani ƙaramin jinsi da ake kira Echinolittorina malaccana a gaɓar Hong Kong da maƙwabtanta wanda ke zaune can saman dutse, inda feshin igiyar ruwa kaɗai ke kaiwa. Idan ruwa na hawa sai ya bi danshi ya yi sama yana kankare gansakuka da harshensa mai kaushi kamar magagari. Idan ruwa na sauka sai ya biyo shi ƙasa. Da zarar dutse ya fara bushewa, dole ya tsaya: ya manna leɓen katantanwarsa a jikin dutse da ɗan yauƙi, ya janye jikinsa ciki, ya rufe ƙofa da wani murfi mai tauri da ke manne da ƙafarsa. Inda ya tsaya, nan zai wuni har ruwa ya dawo. Saboda haka zaɓen wurin tsayawa ba ƙaramin abu ba ne a gare shi.

Yauƙin nan ba ƙazanta ba ne, dukiya ce

Dodon koɗi ƙafa ɗaya gare shi, kuma ba ya ɗaga ta. Yana shimfiɗa yauƙi ne ya bi ta kai. Wani masani ɗan Amurka, Mark Denny, ya nuna a 1980 cewa yauƙin nan halaye biyu gare shi: idan ba a matsa masa ba yana riƙewa kamar gam, idan ƙarfin turi ya kai wani matsayi sai ya narke ya yi santsi, da an sassauta ya sake kamawa. Da haka wani sashen ƙafar yake riƙe dutse yayin da wani sashen yake zamewa gaba. Ya kuma nuna cewa wannan tafiya ta fi gudu da iyo da tashi sama cin ƙarfi idan aka kwatanta dabbobi masu nauyi ɗaya, domin kowane taku sai dabbar ta bar wani abu daga jikinta a ƙasa.

Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin dalilin bin sawu. A 2007 Mark Davies da Janine Blackwell na Jami'ar Sunderland a Ingila sun auna kaurin yauƙin wani jinsi mai suna Littorina littorea. Suka tarar wanda ya bi sabon sawun wani yana fitar da kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai na yauƙin da na farko ya fitar. Idan sawun ya tsufa ya zaizaye, sai mai bi ya ƙara yawan nasa don ya cike giɓin. Ni abin yana tuna mini burtali: garken farko ne ke fama da ciyawa da ƙaya, na baya ya tarar da hanya a buɗe.

Ba sauƙin tafiya kaɗai ake samu ba. Ƙwayoyin gansakuka da ke yawo a ruwa suna maƙalewa a jikin yauƙi, mai bin sawu yana tafe yana kiwo. Sannan akwai maganar neman aure. Dodannin koɗin teku na wannan dangi akwai namiji akwai mace, kuma a lokacin barbara maza sukan gane sawun mace su bi shi. Ƙungiyar Kerstin Johannesson ta Jami'ar Gothenburg a Suwidin ta ba da rahoto a 2010 cewa a jinsin Littorina saxatilis, wanda ke zama a cunkushe, mata sun daina barin alamar da za ta bambanta sawunsu da na maza, saboda yawan damun da mazan ke yi musu yana jawo musu haɗari. Sawu kuma yakan zama ajali. Akwai wani dodon koɗin tudu mai cin 'yan'uwansa, Euglandina rosea, wanda da bin yauƙi yake farauta. An kai shi Hawai a 1955 don ya rage ƙaton dodon koɗin Afirka da ya addabi gonaki, sai ya juya kan ƙananan jinsunan tsibirin ya yi musu mummunar ɓarna.

Mataki na farko: samo dabbobin, da gargaɗin da ba na wasa ba

Ba za mu samu na teku da rai a Kaduna ba, kuma ba na goyon bayan a ɗauko su daga gaɓa a kawo su mutu a bokiti. Na tudu za mu yi aiki da su. Daga Yuni zuwa Satumba, da sassafe bayan an yi ruwan dare, a duba gindin katanga, ƙarƙashin ayaba, lambun kayan miya da tsohon bulo. Waɗanda aka fi samu su ne masu doguwar katantanwa mai zane-zanen ruwan ƙasa, 'yan dangin Limicolaria. A nemi 20 zuwa 30 masu girma kusan ɗaya. Da hunturu kada ma a wahala: sun shige ƙasa sun toshe bakin katantanwa da farin murfi suna jiran damina, wanda shi ma darasi ne, domin dabara ɗaya ce da ta na teku, sai dai nasu jiran na watanni ne.

Kada a kuskura a tura yara kogi, kududdufi ko madatsar ruwa neman dodon koɗi. Ƙananan da ke cikin ruwan daɗi, irin su Bulinus, su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar tana fitowa daga jikinsu ta shiga ruwa, ta huda fatar mutum ba tare da ya sha ruwan ba. Na tudun ma suna iya ɗaukar wata tsutsar ɓera mai illa ga mutum, don haka a sa safar hannu ko a ɗaura leda, kada hannu ya je baki ko ido, a wanke da sabulu bayan an gama.

A ajiye su a bokiti mai murfin raga, da damshin ƙasa a ƙasansa, a inuwa. A ba su latas, kabeji ko ganyen gwanda, da ɗan dakakken ɓawon ƙwai. A yayyafa musu ruwan sama ko na rijiya. Gishiri da omo kada su kusance su. A ɗiga wa kowanne lamba a bayan katantanwa da jan farce, nesa da bakinta.

Mataki na biyu: shirya filin gwaji

Ana bukatar gilashi mai faɗin kamar santimita 40 kowane gefe, guda huɗu ko fiye. Mai yankan gilas zai yanka, a roƙe shi ya goge bakin don kada ya yanki yara. Sai leda mai kauri wadda ake gani ta cikinta, irin ta bangon takardun furojet, da maka kala biyu, da zare, da rula, da agogon waya.

A ɗora gilashin a kan bulo huɗu yadda yaro zai iya leƙawa ta ƙasa, a manna ledar a ƙarƙashinsa da salatif. Abu biyu ne suke ɓata wannan gwaji, kuma dukansu sun taɓa ɓata mini. Na farko karkata. Dodon koɗi yana son hawa sama, ko ɗan tudu kaɗan ne duk za su nufi gefe ɗaya, ka ɗauka sawu suke bi alhali gangara suke gudu. A ɗiga ruwa a tsakiyar gilashin, idan ya gangara a gyara. Na biyu haske. Idan taga tana gefe guda za su guje ta ko su nufe ta gaba ɗayansu. A yi aikin a tsakiyar ɗaki, a kashe fanka, ko a kewaye gilashin da kwali. Da safe ko bayan la'asar sun fi motsi.

Mataki na uku: mai shata hanya da mai bi

A fesa wa gilashin ruwa kaɗan, danshi kawai ba kwanciyar ruwa ba. A ɗora dodo na farko a tsakiya, a sa alama inda ya fara. Yaro ɗaya ya kwanta ko ya durƙusa yana bin tsakiyar ƙafar da jar maka a jikin ledar, wani yana riƙe da agogo. A bar shi har ya kai bakin gilashi ko minti 10 su cika. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a nan yara suke koyon haƙurin kallo, wanda shi ne rabin kimiyya. Ku sa su lura da ƙasan ƙafar: za su ga wasu layuka masu duhu suna tafiya kamar igiyar ruwa, motsin tsokar ke nan.

A ɗauke shi a hankali, a zame shi gefe maimakon a fizge shi sama. Nan take a ɗora na biyu a mafarin, amma a juya fuskarsa ta gicciye sawun, kada a saita shi a kan hanya kamar an ce masa bi. A zana tafiyarsa da baƙar maka. Bayan an gama a cire ledar, a rubuta lambobin dodannin biyu da lokaci, a wanke gilashin tas, a ɗauraye sau da yawa, a shanya. Kowane dodo sau ɗaya zai shiga gwaji a rana.

Don yara su ga yauƙin kansa, kafin a wanke gilashin a barbaɗa masa garin gawayi mai laushi ko hoda, a karkata shi a zuba ruwa a hankali. Garin zai wanke ko'ina, ya maƙale a kan sawun kaɗai. Duk ajin da na yi wa wannan sai na ji "kai!" daga baya.

Mataki na huɗu: awo, da tarkon da ke cikinsa

A shimfiɗa zare a kan baƙin layi tun daga farko har ƙarshe, a miƙe shi a kan rula. Wannan shi ne tsawon tafiyar mai bi. Sannan a auna wuraren da baƙi ya hau kan ja kaɗai, a haɗa su. A raba na biyun da na farkon. A ce mai bi ya yi santimita 30, 12 daga ciki a kan sawu, sakamakon 0.4 ke nan. Sifiri na nufin bai bi ba sam, 1 na nufin bai sauka daga kai ba. A kuma rubuta ko ya bi ta inda na farko ya nufa ko ya juya baya, domin a wasu jinsunan teku, kamar Littoraria irrorata na fadamun gishirin Amurka, an tabbatar suna gane gaba da bayan sawu.

Ga tarkon. Layuka biyu da suka tashi daga wuri ɗaya a kan ƙaramin gilashi za su iya haɗuwa ko da babu bin sawu. Yaro mai kaifin hankali zai ce, "Malam, ai dace ne." Yana da gaskiya, kuma bai kamata a yi masa tsawa ba. Maganinsa shi ne a saki dodanni biyu kowanne a kan wankakken gilashinsa, a zana, sannan a ɗora ledojin biyu ɗaya kan ɗaya mafari kan mafari, a auna haɗuwarsu kamar yadda aka yi a baya. Wannan shi ne haɗuwar dace. A yi gwajin gaske sau 10, na dace sau 10, a fitar da matsakaicin kowanne. Sai idan na gasken ya zarce na dacen a fili za a ce akwai bin sawu.

Ina roƙon malamai kada su yi wa yara alkawarin sakamako. Dodon koɗin tudu ba lallai ya nace wa sawu kamar na teku ba, wata rana ma ya gicciye shi ya wuce abinsa. Kuma namu mata-maza ne, kowanne yana da gaɓoɓin jinsi biyu, don haka gwajin namiji da mace ba zai yiwu da su ba. Abin da ya fito a rubuta shi yadda ya fito. Na fi son yaro ya kawo mini sifiri na gaskiya da ya kawo lambar da ya gyara don ya faranta mini.

Idan an samu hannu, a sauya abu ɗaya-ɗaya. A bar sawu ya yi awa 1, ko awa 4, ko ya kwana, kafin a saki mai bi. A mayar da dodo kan sawun kansa a kwatanta da na wani. A juya gilashin baya ya koma gaba kafin a saki na biyu: idan ya bi yauƙin duk da an juya, to yauƙin yake bi, idan kuwa ya nufi kusurwar ɗakin da na farko ya nufa, wani abu ne a ɗakin yake jan su.

Mataki na biyar: yadda sawu yake haifar da taro

Nan ne amsar ɗalibata take. Richard Stafford da Mark Davies da Gray Williams sun gina gaɓar teku a cikin kwamfuta, suka wallafa aikin a 2007. Suka zuba dodannin ƙarya, suka ba kowanne 'yan ƙa'idoji: idan ka tarar da sawu kana iya bi, idan ka tarar da tsaga kana iya tsayawa, idan ka tarar da ɗan'uwa kana iya tsayawa kusa da shi, kuma son tsayawar yana ƙaruwa gwargwadon bushewar dutse. Babu wanda aka gaya wa inda sauran suke. Duk da haka tsarin cincirindon da ya fito ya yi kama da wanda ake gani a gaɓa ta gaske.

Ba sai da kwamfuta ba. A zana gidaje 15 sau 15 a kan kwali, a ja layuka biyu ko uku masu kauri a matsayin tsagogi. A watsa ƙwayar wake 20, yara biyar kowa da huɗu, da ɗan jefawa na ludo mai ɗigo 1 zuwa 6. Zagaye 15 za a yi. A kowane zagaye kowace ƙwaya tana matsawa gida ɗaya: 1 gabas, 2 yamma, 3 kudu, 4 arewa, 5 da 6 ta ci gaba ta inda ta fuskanta. Gidan da ta bari a ɗiga masa fensir, sawunta ke nan.

Wasan farko a yi shi haka ba wata ƙa'ida, a ƙarshe a ƙirga ƙwayoyin da ke manne da juna. Wasa na biyu a sa dokar tsayawa: zagaye 1 zuwa 5 dutse jiƙe yake, ba mai tsayawa. Daga 6 zuwa 10, ƙwayar da ta faɗa tsaga ko ta zo kusa da wata ta sake jefawa, idan 5 ko 6 ta fito ta tsaya ke nan. Daga 11 zuwa 15 rana ta yi zafi, 3 zuwa 6 duk tsayawa ne. Wasa na uku a ƙara bin sawu: ƙwayar da ke da gida mai ɗigon wata a gefenta ta shiga shi ba tare da jefawa ba. A yi kowane wasa aƙalla sau uku, a rubuta yawan waɗanda suka ƙare a taro da girman taro mafi girma.

Ku bar yaran su yi ta muhawara a kan dalili. Sawu yana kai mai bi inda mai shi ya tsaya. Biyu sun tsaya, sawu biyu ke nan suke nuni da wurin, na uku ya fi sauƙin faɗowa. Kowa ya san jerin gwano, yadda layi ɗaya yake ƙara ƙarfi saboda yawan masu bin sa. Bambancin shi ne gwano gida ɗaya suke yi wa aiki, dodon koɗi kuwa kowa ta kansa yake yi, amma taron yana fitowa duk da haka.

Za a iya gwadawa da masu rai ma. A cikin babban faranti mai danshi a jera ɓallin tayil biyu da ɗan rata a tsakaninsu, a watsa dodanni 15 da magariba, a rufe da raga, da safe a zana inda kowa ya kwana. A inuwa za a yi, kada a gasa dabba a rana da sunan gwaji.

Mataki na shida: shin taron yana da amfani?

An daɗe ana cewa cincirindo yana rage bushewa da zafi, yana kuma rage haɗarin igiyar ruwa ta fizge dodo ko kaguwa da tsuntsu su ɗauke shi. Hankali ya yarda da haka, amma awon da aka yi a gaɓoɓi daban-daban bai zo iri ɗaya ba: wani wuri an tarar na cikin taro sun fi riƙe ruwa, wani wuri ba a ga bambanci ba. Akwai kuma abin lura. Wanda ya samu taro da wuri ya rufe ƙofa da wuri, wanda bai samu ba ya ci gaba da yawo yana zubar da yauƙi. Idan aka tarar na taro ya fi ruwa a jiki, taron ne ya kare shi ko tsayawa da wuri?

Da katantanwa marar rai za a iya raba waɗannan biyun. A kasuwannin kudancin gari, kamar ta Sabon Tasha, masu sayar da kayan miyar mutanen kudu sukan kawo wani dodon koɗi mai dogon baƙin ɓawo mai ƙurji-ƙurji. Wannan Tympanotonus fuscatus ne, daga laka da dazukan bakin teku na yankin Neja Delta, inda ruwa ke cika yana janyewa. Danginsa daban da na Littorina, amma shi ma ɗan wannan zirin ne, kuma ɗan gaɓa ne da yaranmu za su iya riƙewa a hannu. A samo ɓawonsa 20, a dafa, a wanke, a shanya. A cusa wa kowanne auduga daidai wa daida, a ɗiga ruwa adadi ɗaya da sirinji. A auna goma tare, a auna ɗaya goman tare, a kan ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal. Goma a cure su wuri ɗaya, goma a warwatsa su da tazarar taƙi, duk bakinsu na kallon ƙasa, a kan siminti ɗaya a rana. Bayan awa 2 a sake aunawa. Tunda duk lokaci guda suka "tsaya", bambancin da aka gani na curewar ne. A maimaita a ranar da ake iska da ranar da babu, a kuma gwada cusa wasu a tsagar bulo.

Idan Allah ya kai ka bakin teku

Gaɓar Nijeriya yawancinta yashi ne da laka, dutse ya yi ƙaranci. A Legas, inda za a samu shi ne manyan duwatsun da aka jibge a bakin mashigar tashar jiragen ruwa tun farkon ƙarni na 20 don kare ta daga yashi, waɗanda ake iya kaiwa ta Tarkwa Bay. A dazukan bakin ruwa kuma akwai Littoraria angulifera da ke hawa saiwoyi da rassan bishiya yana gudun cikar ruwa.

A duba jadawalin cika da janyewar teku a intanet tun kafin a fita, a zaɓi ranar da ke kusa da tsayuwar wata ko tsakiyarsa. A isa wurin ruwa na cikin janyewa, kamar awa 2 kafin ya kai ƙarshe, domin a lokacin ne dutse yake da danshi, dodannin suna tafiya, sawunsu yana sheƙi idan ka sunkuya ka kalle shi ta gefen haske. A tafi da firam na waya ko katako mai santimita 25 kowane gefe. A ajiye shi a wuri ɗaya, a ɗauki hoto duk bayan minti 15 har dutsen ya bushe. A kowane hoto a ƙirga nawa ne ke tsaga, nawa ke fili, nawa ke manne da aƙalla wasu biyu. Waɗannan hotuna su ne za ka kawo wa ajinka su ɗora kusa da kwalin waken da suka yi wasa da shi.

Kada ka ɓamɓare wanda ya riga ya manne. Idan ka karya ɗan yauƙin da ya riƙe shi, ba zai iya sake mannewa a busasshen dutse ba sai ya fito ya ɓarnatar da ruwan da yake tattali. Sa takalmi mai kama ƙasa, kada ka je kai kaɗai, kada ka juya wa teku baya, domin igiyar ruwan Legas tana da ƙarfi kuma gansakukar dutse santsi gare ta. Da ka ga ruwa ya fara dawowa, ka hau sama.

Dodannin da aka yi gwaji da su a makaranta kuwa, kada su wuce mako guda a bokiti. A mayar da su daidai gindin katangar da aka ɗauko su, da yamma, bayan an yayyafa wa wurin ruwa.